Na Ce Babu Matsala, Kuka Rufe Fayil Ɗina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'armu da ke Birmingham,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda kuke aiki tare. Allah ya taya ka riƙon wannan babbar amana.

Sunana Maimuna. Ɗaliba ce ni a sashen kiwon lafiyar al'umma, ina karatun digiri na biyu. Kafin in zo ƙasar nan malama ce ni a wata kwalejin koyon aikin jinya a Kano. Hutun karatu aka ba ni, da sharaɗin in koma da takardar shaida in ci gaba da koyarwa. Ba ka san ni ba, kuma ban ga laifinka ba, muna da yawa. Amma idan ka taɓa ganin wata mai dogon hijabi da farar sanda tana laluben ƙofar ɗakin karatu, to ni ce. Dundumi ne ya fara mini tun ina budurwa, ya yi ta cin idon a hankali, har ta kai yau ba na ganin komai sai ɗan haske da inuwa.

Da gangan na rubuta maka da Hausa. Na lura duk lokacin da na yi muku ƙorafi da Turanci, kafin in kai ƙarshen imel ɗin na ba da haƙuri sau uku, na yi godiya sau huɗu, maganar ta narke. Yayana, Yaya Sani, likita ne a Manchester, ya yi mini alkawarin zai fassara maka wannan ba tare da ya rage mata gishiri ba. Kuma ina so 'yan'uwana ɗalibai 'yan Arewa su karanta, domin kuskuren da na yi kowannensu zai iya yin irinsa.

Ga abin da ke gabana. Saura mako uku in sake zaman jarrabawar darasin ƙididdiga, wadda na faɗi a zaman farko. Ƙa'idar jami'a ta ce zama biyu ne kawai. Idan na sake faɗi za a sallame ni, a sanar da hukumar shige da fice, bizata ta mutu, in koma Kano hannu rabbana. Kuma yadda aka tsara jarrabawar nan, ba zan iya cin ta ba ko da na haddace littafin daga bango zuwa bango. Bari in faɗa maka dalili, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, maganar koren maki.

Da kunne nake karatu. Akwai manhaja a kwamfutata da ke karanta mini duk rubutun da ke kan allo da murya, ni kuma ina bin ta da madannai. Idan rubutu na gaskiya ne, ba ni da matsala, har na fi wasu masu ido sauri. Amma idan hoton shafi aka ɗauka aka saka, ko zanen ƙididdiga, manhajar ba ta da abin faɗa sai abin da mutum ya rubuta mata a bayan hoton. Dokar ƙasar nan ta wajabta wa jami'o'i su tsara shafukansu da takardunsu na intanet yadda irina za su iya amfani da su. Kun san da dokar. Kuna ma da shafi guda da kuka bayyana irin ƙoƙarin da kuke yi a kanta. Na saurare shi tun daga farko har ƙarshe, kuma ina taya ku murna, yana cikin 'yan shafukan jami'ar da manhajata ke karantawa ba tuntuɓe.

A tsakiyar zangon farko aka kawo wata manhajar bincike da ke ba kowace takardar darasi maki, ja ko ruwan ɗorawa ko kore. Aka ce wa malamai kowa ya mai da nasa kore kafin a zo duba sashen. Ranar da na ji labari har sujadar godiya na yi. Cikin mako biyu takardun darasin ƙididdiga duk suka koma kore. Na buɗe ta farko da ɗoki. Manhajata ta iso zanen farko ta ce, hoto. Ta iso na biyu ta ce, hoto na biyu. Haka har ƙarshe. Da na tambayi malamin darasin, mutumin kirki ne, bai ɓoye mini ba. Ya ce manhajar binciken ba ta duba abin da aka rubuta, ita dai kada ta tarar da gurbin babu komai. Ya ce zane-zanensa sun fi ƙarfin lokacin da aka ba shi, kuma babu wanda ya taɓa nuna masa yadda ake bayyana zane da kalmomi. Ban ji haushinsa sosai ba. Abin da aka auna shi da shi ya yi.

Na biyu, maganar bidiyon darussa.

Abin da ya riƙe ni a zangon farko shi ne ana naɗar darussa a saka a shafin ɗalibai. A aji malamin yakan nuna allo ya ce ku dubi nan, amma daga baya yakan yi bayanin abin da ke wurin, ni kuma ina maimaita sauraro har in gina zanen a kaina. Wata safiya na shiga shafin na tarar babu ko ɗaya. Sanarwa ta ce an sauke su ne saboda rubutun da ke bin magana a ƙasan bidiyo, wanda kurame ke dogaro da shi, cike yake da kurakurai, kuma ba zai wuce bincike ba. Maimakon a gyara rubutun, sai aka kwashe bidiyon gaba ɗaya.

Akwai wata Baturiya a ajinmu da ba ta ji. Mutane sun ɗauka domin ita aka yi, wasu kuma suka ɗauka ni ce na kai ƙara, har na ji ana gunaguni a bayana. Ita ce ta rubuto mini ta ce ko rubutun mai kurakuran ya fi mata babu. To ranka ya daɗe, wa aka taimaka? Mai ido da kunne ya rasa, marar ji ta rasa, ni na rasa, sashen ya samu koren maki. Wannan kamar a ce wa uwargida tukunyarta ba ta wanku ba, sai ta fasa ta don kada a sake gani.

Na uku, yadda danginmu suka rufa muku asiri.

Da bidiyo suka tafi, ban zo wurinku ba. Manchester na tafi. Kowace Juma'a bayan sallah sai in hau bas daga unguwarmu Small Heath zuwa cikin gari, in kama doguwar motar fasinja zuwa gidan Yaya Sani, in dawo ran Lahadi. Matarsa, Anti Bilki, akanta ce, kuma mako cur take yi tana kallon alƙaluma a wurin aikinta, amma ran Asabar sai ta jingina kwamfutata da buhun shinkafa a kicin, tana juya miya tana karanta mini. Har yanzu muryarta nake ji idan na tuna darasin: "Maimuna, wannan graph ɗin layi uku ne. Ja ya haura sama, blue ɗin ya yi flat, na ukun kuwa wallahi ban san inda ya dosa ba, bari in zoom." Wani lokacin takan kama yatsana ta ja shi a kan tebur yadda layin ya tafi.

Yaya Sani ya sha gaya mini, "Ki yi musu complain mana. Haƙƙinki ne fa, ba alfarma ba ce." Ni kuma sai in ce a bari tukuna, ai ana samu. Mu haka muka tashi. Idan ɗan'uwa yana da larura, gida ne ke ɗauke ta, ba a kai ta kasuwa. Da wannan taimakon na rubuta ayyukan gida, makina suka yi kyau. Ban san cewa kyawun makin nan shi zai zama hujja a kaina ba. Duk wanda ya buɗe bayanaina a jami'a sai ya ga makauniya da ke cin darussanta lafiya lau. Babu inda aka rubuta motar Manchester, babu inda aka rubuta Anti Bilki.

Na huɗu, laifina, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Ofishin kula da ɗalibai masu larura ya buɗe mini fayil tun zuwana. Wata baiwar Allah a ofishin ita ta yi ta fama har aka saka mini manhajar karatu, kuma ban manta alherinta ba. A farkon zango na biyu ta kira ni a waya don jin yadda nake. Na shirya wa kiran nan. Abu bakwai na jera a kaina, na maimaita su tun safe. Ta gaishe ni, sannan ta tambaye ni kai tsaye ko ina da wata matsala da kayan karatu. Na ji Turancinta sarai, na kuma gane abin da take nufi. Na ce mata babu matsala, na gode.

Na san wannan zai yi maka wuyar fahimta, don haka bari in yi bayani. A wurinmu ba a karɓar tayi a karon farko. Ko yunwa na cin hanjinka, in aka miƙo maka abinci sai ka ce alhamdu lillahi, ka ƙoshi. Mai gida ya san ba gaskiya ba ne, sai ya sake, ya matsa, a na uku ka sa hannu. Haka ma kuka. Mutumin da ya yi maka alheri ba ka tarbarsa da jerin ƙorafi daga buɗe baki, sai ka ce babu komai, shi kuma ya ce anya kuwa, daga nan magana ta fito. Kawaici muke kiransa, kuma da shi aka raine ni. Ina riƙe da waya ina jiran anya kuwa. Ita kuwa ta ce madalla, ta ji daɗi ƙwarai, ta yi mini fatan alheri, ta ajiye. Ko minti biyu ba mu yi ba. Na zauna da abubuwana bakwai, kunya ta hana ni sake kira.

Daga baya na gano abin da aka rubuta a ranar: ɗaliba ta ce ba ta da matsala, makinta na da kyau, an rufe fayil. An aiko mini da sanarwar rufewar, ba na musu. Takarda ce mai hatimi da aka ɗauki hotonta aka liƙa a imel. Manhajata ta ce hoto ne, ni kuma na ɗauka tallar wani taro ce, na wuce.

Ba na zargin matar nan. Ta yi tambaya, an ba ta amsa. Amma ina tambayarka, jami'ar da ke tara ɗalibai daga ko'ina a duniya, ta yaya za ta rataya makomar mutum a kan amsa ɗaya ta waya? Da an ce mini in buɗe takardar darasi ɗaya a gabansu, su saurari abin da nake saurara, da kawaicina bai cuce ni ba.

Na biyar, jarrabawar da ƙofofin da na ƙwanƙwasa.

Jarrabawar ƙididdiga a intanet ake yin ta, kowa a ɗakinsa, da agogo na gudu. Na shiga da ƙarfin gwiwa, don na yi karatu. Mafi yawan tambayoyin sun rataya ne a kan zane: dubi wannan, ka faɗi abin da ya nuna. Wasu kuma sai an ja amsa da linzamin kwamfuta an ajiye a akwati, abin da madannai ba sa iya yi. Na amsa waɗanda suke rubutu zalla, kuma daga baya malamin ya tabbatar mini ban kuskure ko ɗaya a cikinsu ba. Sauran lokacin na zauna ina sauraron agogo. Na yi kuka a ranar, kukan takaici, don na san amsoshin suna kaina, tambayoyin ne aka hana ni.

Tun daga nan nake yawo. Na je sashenmu, aka ce ba za a sauya mini tsarin jarrabawa ba sai da umarnin ofishin masu larura. Na je ofishin, aka ce fayil ɗina a rufe yake, sai na cike fom a intanet. Na buɗe fom ɗin, na kai wurin zaɓen kwanan wata, ashe ɗan kalanda ne da sai an gani an danna. Fom ɗin neman taimakon makafi ke nan. Na koma da ƙafata na roƙi na takarda, aka ce an daina. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta tausaya mini ta cike mini da hannunta, Allah ya saka mata. Amsa ta zo cewa tunda sabon buɗewa ne, sai na kawo sabuwar takardar likita. Na samo daga GP, wato likitan unguwarmu, wanda ya tabbatar musu idon bai warke ba tun bara. Sannan aka ba ni ranar ganawa, kuma ranar ta faɗo bayan jarrabawa.

Na nemi a ɗage mini zaman zuwa na gaba. Sashen ya ce ana iya yi, amma ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya ce zama na gaba zai zo bayan ƙarewar bizata. Na rubuta wa kwalejinmu a Kano, suka ce hutun karatuna ba ya ƙaruwa, ajina na jira. Na ɗaukaka ƙara kan sakamakon farko, aka ce sai na nuna shaidar na sanar da matsala kafin jarrabawa. Aka buɗe fayil, aka karanto mini maganata.

Ranka ya daɗe, kowa a cikin mutanen nan ya yi mini magana mai daɗi. Babu wanda ya ɗaga mini murya, kowa ya ce ya fahimta. Wannan ne ma ya fi ci mini rai. Da wulaƙanta ni aka yi, da na san wanda zan yi fushi da shi. Na gaji, kuma ina jin tsoro. Ko'ina na juya bango ne, kuma kowane bango akwai ƙa'idar da ta gina shi.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, ka ba da umarni a buɗe fayil ɗina a wannan makon, ba sai an jira ranar ganawa ba. Ba na neman a sauƙaƙa mini tambaya ko ɗaya. A ba ni tambayoyin da za a ba kowa, amma duk inda zane yake a jera mini alƙalumansa a rubuce, duk inda ake jan amsa a ba ni hanyar zaɓa da madannai. In hakan ya gagara cikin mako uku, a ba ni ɗaki a jami'a da ma'aikacin da kuka amince da shi ya karanta mini.

Biyu, a ɗauki zaman da ke tafe a matsayin na farko, domin wancan ban zauna jarrabawa ba, na zauna gaban abin da ba a nuna mini ba ne.

Uku, a mai da bidiyon darussa, a kuma gyara rubutunsu. Kada a sake cika doka ta hanyar kwashe abin da dokar ta ce a gyara.

Huɗu, a koya wa malamai yadda ake bayyana zane, a ba su lokacin yin sa. Kuma kafin a ce takarda ta yi, a ba wanda ke karatu da kunne ya saurara.

Biyar, kada a sake rufe fayil ɗin ɗalibi da kiran waya ɗaya. Ku kuma 'yan'uwana, in aka tambaye ku a ƙasar nan, ku faɗa tun a karon farko.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi yi mini nauyi. Na ce maka jarrabawar a gida ake yin ta. Makon jiya Yaya Sani ya zo Birmingham da kansa, ya same ni a flat ɗina. Ya ce, "Maimuna, Bilki za ta ɗauki day off. Ta zauna a gefe inda camera ba ta kaiwa, ta faɗa miki abin da ke cikin graph ɗin kawai. Ba amsa za ta ba ki ba, idonta za ta ara miki. Wa zai sani?" Mutum ne mai gaskiya yayana, tausayi ne ya kai shi nan. Kuma a raina na san ba satar amsa ba ce. Amma ƙa'idarku ta ce duk wanda wani ya taimaka wa a ɗakin jarrabawa ya yi maguɗi. Ni kuwa shekara da shekaru ina tsaron jarrabawa a Kano, na sha fitar da yaran mutane daga aji saboda ɗan guntun takarda. Da wane baki zan koma in tsaya a gabansu?

Na ce masa a'a. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, kullum ranar na matsowa a'ar tawa tana ƙara laushi. Ita ce ƙofa ɗaya tilo da na tarar a buɗe a duk yawon nan, kuma na ji tsoron kaina. Shi ya sa na rubuta ta a nan, inda kowa zai karanta. Yanzu ka sani, sashenmu ya sani, duk Hausawan Birmingham da Manchester sun sani. Anti Bilki ba za ta iya zuwa ba ko da na roƙe ta ina kuka. Na rufe wannan ƙofar da hannuna, ranka ya daɗe, ban bar wa kaina komai ba sai ƙofarka.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya kiyaye maka ganinka da jinka har ƙarshen rayuwarka. Ran jarrabawa zan buɗe kwamfutata a kan lokaci, ni kaɗai a ɗakin.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Maimuna,
Small Heath, Birmingham.